RA'AYINMU: Tsohuwar Mota Da Dukiyar Da Ke Bayanta

Duk wanda ya san fataucin shanu zuwa ƙasar Gabon ya san cewa babu burtali zuwa Libreville. A Adamawa ko a Cadi ana iya kora dabba da ƙafa har ta kai kara, amma daga kudancin Kamaru zuwa bakin teku kurmi ne, ga ruwan sama, ga ƙudan tsando, babu wurin kiwo balle mashekari. Jirgin ƙasan Kamaru, wanda ya isa Ngaundare a 1974, yana iya sauko da shanu har Yawunde, amma hanyarsa ba ta nufi iyakar Gabon ba. Shi kuma jirgin Gabon, wanda aka kammala a 1986, daga Owendo yake tashi ya nufi Franceville a kudu maso gabas, bai san hanyar arewa ba. Saboda haka duk san da zai shiga hannun mahautan Libreville da ransa, da duk ragon da za a yi layya da shi, in dai daga arewa ya fito, to a bayan mota zai zo.

Hanyar kuwa sananniya ce ga masu bin ta. Daga Yawunde a bi Ebolowa da Ambam, a ƙetare kogin Ntem a Eboro, inda a da sai an jira jirgin fito kafin a yi gada, sannan Bitam, Oyem, Mitzic, Lalara, Ndjolé, Bifoun, Kango, Ntoum, har a shiga birnin ta unguwannin da ake kira PK. Daga Bitam kaɗai wajen kilomita 600 ne, wanda kuma ya yi lodi tun daga Ngaundare ya san tafiyarsa ta haura kilomita 1,500. Cikin motocin da ke wannan aiki akwai tirelolin gwanjo da aka sayo daga Turai, akwai kuma tsofaffin masu dogon hanci irin Mercedes da Berliet, waɗanda wasunsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

A kan waɗannan tsofaffin motoci muke so mu ja hankalin jama'a a wannan fitowa, domin kuwa mun lura yawancin fatake suna ɗaukar lafiyar mota a matsayin damuwar mai mota shi kaɗai. Falke zai yini a kara yana duba haƙorin sa, yana taɓa tozo, yana ja-in-ja da dillali a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma in aka zo lodi sai ya zuba jarinsa kaf a bayan motar da bai ko leƙa ƙarƙashinta ba. Ra'ayinmu shi ne, gyaran mota a gida kafin a tashi wani sashe ne na fataucin kansa, kuma amana ce a wuyan mai mota da direba da mai shanu baki ɗaya.

Kowa ya san abin da ke faruwa idan mota ta mutu da shanu a tsakiyar kurmi. Muddin tana tafiya iska na kaɗa su, da zarar ta tsaya sai zafi da tururin fitsari su lulluɓe su. Ba wurin sauke su, ba ciyawar da suka saba da ita, ruwan sha ma sai an yi ta jigila da bokiti. Wanda ya gaji ya durƙusa sai 'yan'uwansa su tattake shi, in ba a yi hanzarin sa masa wuƙa ba ya zama mushe, in ma an yanka a bakin hanya sai a sayar da naman yadda mai saye ya ga dama. Waɗanda suka tsira kuma su isa birni a rame, dillali ya rasa bakin yaba su. Bugu da ƙari, kowane yini da aka ƙara a cikin dajin ƙarin dama ne ga tsando. Shanunmu masu tozo, Gudali ne ko jajaye, ba su jure sammore kamar 'yan gajerun Ndama da ake kiwo a gandun Nyanga can kudancin ƙasar. Duk wannan asara sau da yawa ba wani babban abu ke jawo ta ba, illa fambel da ya tsinke, ko filta da ta toshe, ko noti da ya kwance.

Wani zai ce ai maganin abin shi ne a yar da tsofaffin a sayi sababbi. Wannan magana ce mai daɗi a baki. Dattawan wannan sana'a ba su manta da ranar 12 ga Janairu, 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, aka wayi gari kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka, daga mota har zuwa ɗan wosha. A 2013 kuma gwamnatin Gabon ta hana shigo da motar gwanjo da ta wuce shekara uku, ko da yake daga baya an sassauta dokar. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke lallaɓa mota ɗaya ba shi da halin sabuwa, kuma ba za a daina cin nama a Libreville don a jira shi ya samu ba. Ke nan tsohuwar mota tana nan tare da mu, abin da ya rage shi ne yadda za a riƙe ta.

Kuma a gaskiya ba abar rainawa ba ce. Mercedes mai hanci an fara ƙera ta a Jamus a 1959, aka ci gaba da yin ta don kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya har cikin shekarun 1990, an kuma harhaɗa ta a Enugu ta Nijeriya. Injin da ke cikin yawancin matsakaitanta, mai suna OM 352, silinda shida ne, lita 5.7, ya fito a 1964, kuma babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Haka Berliet ta Faransa, wadda aka haɗe kamfaninta da Saviem a 1978 a ƙarƙashin Renault. Bakanike mai sifana da kunne yana iya gane ciwon irin waɗannan injuna a gindin bishiya, alhali sabuwar mota in ta ƙi tashi a Mitzic sai an nemo mai na'ura daga birni. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma fa sai zumar da aka adana.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya sani shi ne, Libreville ba Kano ba ce, ba kuma Maraɗi ba. A arewa ƙura da zafi ke cin mota, a nan kuwa ruwa ne. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara yana kusan milimita 3,000, wato ya ninka na Kano wajen sau uku, ga laima dare da rana, ga iskar teku mai gishiri. Motar shanu kuma tana da nata ƙarin ciwon, domin fitsari da kashin dabba suna bi ta tsakanin katakai su kwanta a kan shasi, su ci ƙarfe a ɓoye. Don haka duk ranar da aka sauke kaya, kafin direba ya nemi wurin kwana, a share bodi a wanke shi sama da ƙasa, a bar shi ya sha iska. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, shi ne lokacin babban aiki: a ɗaga katakan daɓe, a kankare tsatsa, a duba shasi wajen maƙalan sifirin ko ya tsage, a shafa fenti, a canza duk katakon da ya ruɓe. Katako ɗaya da ya burma a hanya ya isa ya karya ƙafar sa, ƙusa ɗaya da ta leƙo ta isa ta ɓata fata.

Na biyu shi ne birki, kuma a nan ne ba a yin wasa. Wanda ya bi tsaunukan Ndjolé a gefen kogin Ogooué ya san kwanoninsu da gangarensu, ya san manyan motocin gungume da ake karo da su a can, ya kuma san yadda tsakanin Bifoun da Ndjolé ya daɗe da yin ƙaurin suna. Iska mai laima da kwamfireso ke zuƙa tana tara ruwa a cikin tankin iska, saboda haka a riƙa zubar da ruwan nan kullum da safe, aikin da bai fi minti ɗaya ba. A cika iska, a kashe inji, a taka birki a saurara, in ana jin huci ko allura na sauka da sauri to akwai inda ke yoyo. Motocin da ke haɗa iska da man birki, shi man yana shan laima har ya kai ga tafasa a dogon gangare, birki ya tafi ƙasa ba tare da ya kama ba, don haka a zubar da shi a sa sabo aƙalla duk shekara biyu, ko da ana ganin bai ragu ba. A cire ganga a duba kaurin lainin, a duba bututan ƙarfe ko tsatsa ta ci su. Shi kuma direba ya sauko gangare da giyar da zai hau shi da ita. Sakin mota a furi don a rage shan mai ganganci ne da rayukan mutane da dukiyarsu.

Na uku, mai da ruwa. Tankin gas da aka bari rabi yana yin gumi da dare, ruwan ya kwanta a ƙasa, ya haifar da wata irin majina mai toshe filta da lalata nozul. Maganinsa a cika tanki da yamma, a riƙa tsiyaye gindinsa lokaci lokaci, in kuma dole ta sa an sayi man jarka a hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kada mota ta tashi ba tare da filtar gas ta ajiya ba, kuma karen mota ya iya canza ta ya fitar da iska da famfon hannu. Baƙin mai a tsohon inji mai wannan wahala kada ya wuce kilomita 5,000, a canza shi tare da filtarsa. A lura cewa zuwa da dawowa sau ɗaya tsakanin Ngaundare da Libreville ya cinye fiye da rabin wannan wa'adi. In aka zaro sandar gwaji aka ga man ya yi fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga, a tsaya a nemi dalili tun inji bai buga ba. Lagireto kuma a wanke shi, a duba robobinsa da fambel, a daina ɗura masa ruwan kwata mai laka.

Na huɗu, ƙafafu. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ake bugawa, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, alal misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta fara tsattsagewa, irin wannan kada a kuskura a sa ta a gaba. A bi notocin taya da sifana kafin a tashi, a sake bin su bayan an ɗan taɓa tafiya. A duba ganyen sifirin ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga gaba a girgiza taya a ji ko kimfin ya yi wasa. Giris kuwa shi ne abincin tsohuwar mota, a bi duk kan nonon da ke jikinta, daga farfela har sitiyari, musamman bayan an keta ruwa da taɓo. Kan batir ma laima na sa shi yin farin gari, a goge a shafa masa giris.

Yawancin abin da muka lissafa ana yin sa a ƙofar gida da jak da sifana da famfon giris, ba ya bukatar gareji. Amma akwai abin da ba na gida ba ne. Saita famfon injekta, da wanke karanshaf, da ɗinke shasin da ya tsage, aikin masu injin yin su ne. Ƙarfen sitiyari da ya lanƙwashe ko ya tsage kuwa ba a yi masa walda, canza shi ake yi. Har ila yau muna roƙon masu gyara su kula da rayukansu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ba tare da an tokare ta da gungume an kuma sa wa tayoyi waigi ba. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Tsohon rim mai zobe in ana ba shi iska kada a tsaya a gabansa, domin zoben in ya fita kisa yake yi. Baƙin man da aka juye kuma a tara shi a jarka, a daina zuba shi a kwata, tunda kwatocin birnin a bakin ruwan Komo suke ƙarewa, inda wasu bayin Allah ke kamun kifin da za su ci.

To, ina laifin falke a cikin wannan? Laifinsa a wurin lodi yake da wurin ciniki. Lambar da ke jikin Mercedes ba ado ba ce. In an rubuta 911, ana nufin nauyin motar da kayanta kada ya wuce wajen tan 9, injinta kuma ƙarfin doki 110 ne, haka 1113 tan 11 ne da doki 130. Mai shanu da ke matsa wa direba lamba a cusa ƙarin biyu ko uku don kuɗin mota ya yi masa sauƙi, shi ne ke karya sifirin, shi ne ke ƙona birki, shi ne kuma ke hana san da ya faɗi samun wurin tashi. Garin neman gira ake rasa ido. Haka kuma wanda kullum motar da ta fi araha yake nema, ya sani cewa rangwamen da aka yi masa daga kuɗin baƙin mai da taya aka cire shi. Mai motar da ke kula da motarsa dole kuɗinsa ya ɗara, in kuwa fatake suka guje shi saboda haka, to su ne suka koya wa sauran cewa sakaci ya fi riba.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Kowace mota ta kasance da littafi, ko da na 'yan makaranta ne, a riƙa rubuta ranar da aka juye mai, da ranar da aka duba birki, da kilomitar da aka yi, da boko ko da ajami. Falke yana da ikon ya ce a nuna masa littafin kafin lodi, kuma kada mai mota ya ɗauki wannan a matsayin raini. Mai shanu ya zagaya motar da kansa, ya taka daɓe, ya dubi taya, ya tabbatar akwai safaya da jak da fambel da filta da igiya da wuƙa mai kaifi, an kuma zuba yashi ko ɗiddigar katako don kada dabba ta zame. A zauna gaban shugabannin kara da shaidu a rubuta wanda zai ɗauki asara in mota ta lalace saboda sakaci, da wanda zai ɗauka in lodi ne ya yi yawa, da wanda zai biya motar da za a juye kaya a cikinta. Rigingimu da dama da ke raba abokan ciniki na shekaru, rashin wannan 'yar takarda ce ke kawo su. Takardun mota ma, da na inshora irin katin nan na ƙasashen CEMAC, da na likitan dabbobi, a kammala su tun a gida, domin tsayuwa a kan iyaka da tsayuwa a daji duk ɗaya ne a wurin sa mai jin ƙishirwa.

Su kuma masu motoci, kowane sawu a cire kuɗin gyara a ajiye gefe kafin a taɓa riba, kada a jira sai inji ya buga a shiga neman bashi. Tunda kayan waɗannan motoci sun fara wuya, ga kuma jabu ya cika kasuwa, ya kyautu masu mota iri ɗaya su haɗa kai su yi asusu, su sayi motar da ta mutu su ajiye don cire kaya, su kuma san amintattun makanikai a Bitam da Oyem da Ndjolé waɗanda za a iya kira ko da tsakar dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai kuma wani abin da ke damun mu, wato tsofaffin makanikan da suka san waɗannan injuna suna ƙarewa. Ya kamata cikin 'ya'yan makiyaya da na fatake da ke zaune a birni ba aikin yi a samu waɗanda za a kai su koyo tun masu sanin suna raye. Yaron da ya san halin dabba ya kuma san halin inji, babu motar shanun da za ta ƙi ɗaukar sa.

Ga hukumomin Gabon da na Kamaru, da hukumar CEBEVIRHA mai kula da harkar dabbobi a ƙasashen CEMAC, wadda ke da mazauni a Njamena, kiranmu bai wuce biyu ba. A riƙa duba lafiyar mota da gaske, birki da taya da fitila, a wurin da aka tanada kuma kafin a yi lodi, maimakon a tsare mota cike da dabbobi a rana ana jayayya a kan takarda. Sannan a tanadi wuraren hutu masu ruwa da dakalin saukewa a kan hanyar arewa, yadda in mota ta samu matsala za a iya sauke shanu a shayar da su. Abin da ya faru a 2012, lokacin da wani jirgin dakon kaya ya bugi gadar Kango manyan motoci suka yi cirko-cirko, ya isa ya nuna cewa hanyar nan guda ɗaya ce tilo, kuma mai ɗauke da kaya mai rai shi ke fara ji a jikinsa.

Daga ƙarshe muna tunatar da jama'a wani lissafi. Layyar 2025 ta faɗo a farkon watan Yuni, daidai ɗaukewar ruwa a Gabon, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ke nan a shekaru masu zuwa jigilar raguna da shanun Salla za ta riƙa faɗawa cikin ruwan Mayu da Afrilu da Maris, lokacin da hanya ta fi santsi, taɓo ya fi yawa, ƙasa kuma ke zaftarewa a tsaunuka. Motar da ta riƙa sha da kyar a lokacin rani ba lalle ta sha a damina ba. Wanda ke da niyyar cin kasuwar Salla, tun yanzu ya kamata ya ɗaga hancin motarsa ya duba, kada ya bari sai an ga wata.

Mu dai namu jan hankali ne, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa da dukiyarsa lafiya, amin.